Bin Sawun Dogo Daga Tsafe Zuwa Bunguɗu

Mun bar Funtuwa da hantsi, domin a 'yan shekarun nan babu direban da yake son la'asar ta riske shi tsakanin 'Yankara da Tsafe. Mu bakwai ne a cikin motar, har da wata dattijuwa mai riƙe da ƙwaryar man shanu a cinya, da wani saurayi da zai koma karatu a jami'ar tarayya ta Gusau. Tun daga tasha ake ta hira, ta tsadar taki da ta kuɗin mota, har muka wuce Sheme. Muna barin 'Yankara kowa ya yi gum. Dattijuwa ta ɗauko carbi, direba ya kashe rediyo ya ƙara wuta, idon kowa yana kan bakin daji. Ni ma dajin nake kallo, sai dai abin da nake nema daban ne. Nan da can, idan gonaki suka buɗe, sai in hango wani tudu siriri miƙaƙƙe kamar kunyar da gwanin manomi ya ja, ciyawa ta lulluɓe shi. Wannan shi ne layin dogon da ya taso daga Zariya, kuma shi ya fito da ni daga gida.

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, 'yar Tsafe ce, kuma a jirgin ƙasa aka kai ta ɗakin miji a Zariya. Ta ba mu labarin wannan tafiya ya fi a ƙirga, ba mu taɓa gajiya da jin sa ba. Takan ce 'yan rakiya sun cika rabin tarago, ga kwanuka da tasoshi an ɗaure cikin zannuwa, ga tabarmi, ga turmi da taɓarya da wata gwaggonta ta rantse ba za a bari ba. Ta ce tana lulluɓe ba ta ganin komai, amma da jirgin ya yi kuka ya ja, sai ta ji ƙasar ubanta tana zamewa a ƙarƙashin ƙafarta, a nan ne kukan gaske ya zo mata, ba na al'ada ba. Har ta rasu, idan za ta kwatanta abu mai tabbas, cewa take yi kamar jirgin Ƙaura. Bayan rasuwarta na daɗe ina son in tsaya a inda ta tsaya ranar, in ga abin da ya rage.

Tsafe gari ne da tarihinsa ya girmi dogo nesa ba kusa ba. A kusa da shi 'Yandoto take, tsohuwar cibiyar malamai wadda almajirai suka riƙa yi wa tattaki tun kafin jihadin Shehu Usmanu, shi ya sa har gobe sarautar garin 'Yandoton Tsafe ce. Wannan yanki duk a da ƙasar Katsina ce ta yamma. Da Turawa suka zo harshensu ya kasa furta sunan, suka rubuta shi Chafe, haka kuma ya zauna a taswirori da takardun reluwe. Na sauka a bakin titi, na sha ruwa, na tari mai babur na ce ya kai ni tashar jirgi. Yaro ne da bai wuce shekara ashirin ba. Ya dube ni ya ce, “Alhaji, tashar mota dai ko?” Sai da wani mai faci da ke gefe ya sa baki ya yi masa kwatance.

Tashar ba wani babban gini ba ce, kuma tun asali ba a yi ta don ƙawa ba. Abin da ya fara kama idona shi ne yadda ƙasa ta ci dogon. A wasu wurare sai ka sa ƙafa ka share yashi kafin ƙarfen ya fito, a wasu kuma yana fili, ya yi ja da tsatsa, tumaki na kiwo a tsakaninsa. Hanyoyin ƙafa da na babura sun ratsa ta kansa ta ko'ina, alamar mutane sun daina waiwayawa kafin su tsallaka. Amma da na durƙusa na dafa ƙarfen sai na ji shi daram, yana nan yadda aka ɗaure shi. Na tsaya ina auna inda amarya za ta tsaya, inda za a jibge kayan ɗaki, inda uba zai koma gefe don kada a ga idonsa.

Wani dattijo ne zaune a inuwar darbejiya yana tufka igiya. Na yi sallama, na tsuguna muka gaisa.

“Baba, ashe nan ne tashar?”

“Nan ne, ɗana. Ko kai ma cikin masu awo kake? Suna zakkuwa lokaci-lokaci, su auna, su rubuta, su tahi.”

Na ce masa a'a, jikan gari ne ni, na faɗi unguwar su mahaifiyata. Nan take fuskarsa ta saki, ya matsa ya ba ni gefen buhun da yake zaune a kai. Ya ce yana yaro, ranar da jirgi zai biyo wurin nan cika yake kamar kasuwa. Mata na kawo fura da dafaffen rogo da ƙwai, 'yan dako na jiran kaya, masu jakuna sun yi layi.

“Amma ka san wani abu? Ba don mu anka yi shi ba. Don kaɗa da gujiya anka yi shi. Mu dai mun samu wuri mun raɓa.”

Kaɗa da gujiya, wato auduga da gyaɗa a bakin Zamfarawa. Wannan magana ta dattijon ita ta bi ni har ƙarshen tafiyar, domin duk abin da na sani na tarihin layin yana gaskata ta. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 ta layin Baro, a 1912 kuma aka haɗe hanyar da ta Legas. Cikin 'yan shekaru gyaɗar Kano ta nuna wa Turawa irin dukiyar da ke kwance a gonakin talakawan Arewa idan aka samu abin da zai kai ta bakin teku da arha. Sai ido ya koma kan ƙasar da ke arewa maso yammacin Zariya, mai jar ƙasa da laka, wadda auduga ke so. A 1927 aka fara shimfiɗa reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Tsawonsa ya haura kilomita 200. Siririn dogo ne mai faɗin ƙafa 3 da inci 6, irin wanda aka yi a manyan layukan ƙasar a wancan zamani. Babu manyan injunan haƙa a lokacin. Da diga da shebur da kwandon kai aka tara tudun da na riƙa hangowa daga mota, kuma a ayyukan dogo na Arewa ta hannun sarakuna da hakimai ake samo leburori. Duk wanda ya tsaya a kan tudun nan ya kamata ya tuna wuyan kakanninsa ne ya ɗauko ƙasar.

Shekarar da dogon ya isa Ƙaura ita ce shekarar da kasuwannin duniya suka karye, farashin amfanin gona ya faɗi warwas. Bayan an kai reshen Kano zuwa Nguru a 1930, gwamnatin mulkin mallaka ta naɗe hannu, ba a sake wani babban aikin dogo a Arewa ba sai layin Barno, wanda ya isa Maiduguri a 1964. Haka Sakkwato, birnin Shehu, ta zauna babu jirgi har yau. Ƙaura Namoda ta zama bakin dogo, inda fatun jajayen awakin Sakkwato da gyaɗar Shinkafi da Zurmi da kayan da ke gangarowa daga Nijar suke haɗuwa su hau tarago.

Daga Tsafe zuwa Gusau wajen kilomita 50 ne. Ana cikin tafiya dutsen Kwatarkwashi yake tasowa a gabanka, baƙi ƙirin, garin yana kwance a gindinsa. Duk da yana gabashin Gusau, a ƙaramar hukumar Bunguɗu yake. Na so in tsaya, direba ya ce sai dai wani jiƙon. A wannan ɗan tsakanin na ƙirga shingayen jami'an tsaro har na bari. Kusa da ni wani malamin asibiti ne, ya ce a Tsafe iyalinsa suke, a Gusau yake aiki, kuma kusan kullum sai ya yi wannan hanya sau biyu, don albashinsa ba zai ɗauki hayar gida a babban birni ba.

Gusau ta samo asali ne a farkon ƙarni na 19, a hannun Malam Sambo Ɗan Ashafa, ɗaya daga cikin mutanen Shehu, kuma sarautarta ta Sarkin Katsinan Gusau tana tuna wa mai ji tushen ƙasar. Amma Gusau ta kasuwanci, wadda ta yi suna har aka riƙa ƙirga ta cikin manyan garuruwan ciniki na Arewa, 'yar jirgin ƙasa ce. Dogo na isowa kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt suka kafa kantuna da sikeli, Kwarori suka biyo baya, Yarabawa da Inyamurai suka zo aikin reluwe da akawu da tireda, Sabon Gari ya cika. Sunan unguwar Kantin Daji kaɗai ya isa shaida. Kamfanin auduga na Ingila, BCGA, wanda mutane suka mayar Bisije, ya kafa gidan gurza a nan kamar yadda ya yi a Funtuwa. Bayan samun 'yancin kai aka samu masaƙar Zamfara da kamfanin matsar mai. Gari ne da mutum kan shigo da ɗan jari a aljihu ya wayi gari da rumfa. Lokacin da aka yanke jihar Zamfara daga Sakkwato ranar 1 ga Oktoba 1996, babu wanda ya yi gardamar inda hedikwata za ta zauna, kuma dogon nan yana da hannu a wannan, ko da yake a lokacin shi kansa ya riga ya fara suma.

Tashar Gusau ta fi ta Tsafe girma sosai. Fili ne mai faɗi a cikin gari, da layuka da dama inda ake juya taragai, da rumbunan ajiya, da gidajen ma'aikata. Yanzu gari ya matso ta ko'ina ya rungume ta. Na iske yara na buga ƙwallo, masu sana'o'i sun raɓa, tsofaffin taragai na tsaye inda aka bar su. Wani abokina ya haɗa ni da wani tsohon ma'aikacin reluwe da ya yi ritaya, ya zagaya da ni. Mutum ne mai tsabta, hularsa a karye daidai, agogo a hannu, kuma na lura duk bayan ɗan lokaci sai ya duba shi, ko da yake babu abin da muke jira.

Ya nuna mini inda ake sayar da tikiti, da inda ake auna kaya, da inda injin mai kwal yake shan ruwa. Ya ce kwal ɗin daga Inugu ake kawo shi, kafin zuwan injuna masu shan gas. Aikinsa na farko duba dogo ne. Kowace ƙungiya tana da nata yankin, da asuba za su fita da guduma da sifana, su bi ƙarfe a ƙafa, su ɗaure abin da ya kwance, su share magudanar ruwa, su cike inda tsakuwa ta zube.

“Malam,” in ji shi, “dogo kamar gona yake. Ba ranar shuka ake cin sa ba, kuma in ka bar shi damina biyu ba nome, ya zama daji.”

Na tambaye shi me ya kashe jirgin. Ya yi shiru, sannan ya ce ba abu ɗaya ba ne, kuma ba rana ɗaya ba. Gaskiyarsa. Farin 1973 da 1974 ya gigita noma a Arewa, a 1975 cutar gyaɗa ta zo ta ƙarasa abin da ya rage, dalar gyaɗa ta zama labari. Kuɗin man fetur ya shigo, gwamnati ta zuba shi a kwalta, manyan motoci suka kwashe kayan da jirgi ke ɗauka, domin mota tana zuwa har ƙofar sito. Hukumar jiragen ƙasa, wadda aka kafa a 1955, ta shiga ciwon rashin kuɗi da rashin kayan gyara. An ɗauko ƙwararru daga Indiya a 1979 suka riƙe ta na 'yan shekaru, abubuwa suka ɗan farfaɗo, suna tafiya aka koma gidan jiya. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, cinikin auduga ya watse, masaƙu suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Reshe irin na Ƙaura, wanda tun farko don kaya biyu aka gina shi, da kayan suka ƙare sai ya rasa mai tsaya masa.

An yi yunƙurin gyara. A zamanin Shugaba Goodluck Jonathan an ba da kwangilar farfaɗo da tsofaffin layuka, jirgin Legas zuwa Kano ya dawo aiki a Disamban 2012, kuma layin Zariya zuwa Ƙaura Namoda yana cikin waɗanda aka ba da aikinsu. Tsohon ma'aikacin ya ce ya ga an sauya ƙarafa, an gyara kwalbatoci, an shafa wa gine-gine fenti, har zuciyarsa ta yi fari. Amma ga mu tsaye a tashar, babu jirgi, babu mai jiran jirgi. Bayan haka hankalin gwamnati ya koma kan sabon dogo mai faɗi: na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, na Legas zuwa Ibadan a 2021, da na Kano zuwa Maraɗi ta Katsina wanda aka aza harsashinsa a 2021. Ayyuka ne masu kyau, ba na ƙyashin kowa a kansu. Sai dai babu ɗayansu da ya taka ƙasar Zamfara, kuma tsohon da muke da shi yana kwance, ɓarayin ƙarfe na yi masa ɗauki ɗai-ɗai kamar yadda suke yi wa layukan da aka yasar a sauran sassan ƙasar.

A ganina kuskuren da ake ta maimaitawa shi ne a gyara layin don ya koma abin da yake a da, dogon zango daga Ƙaura har Zariya, jirgi yana jan jiki. Wannan jirgin ba zai taɓa yin gasa da mota ba, kuma kayan da aka yi shi dominsu sun tafi. Abin da yankin yake da shi yanzu a yalwace mutane ne masu zirga-zirga. Washegari da sassafe na je na tsaya a mashigar gari ta wajen Damba. Tun kafin rana ta fito motoci ke kwararowa daga Tsafe da Kwatarkwashi, kowace an danna mata mutum biyu a gaba huɗu a baya, wani lokaci har but a buɗe da mutane a ciki. Ma'aikatan sakatariya ne, da malaman makaranta, da ɗaliban jami'ar da aka kafa a 2013, da mata masu zuwa awo asibiti, da 'yan kasuwa masu buhunan barkono. Ta wajen Ƙaura ma haka abin yake, ga kuma ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke can. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin da ke cinye albashi tun kafin wata ya raba. Duk waɗannan mutane suna tafiya ne a gefen dogon da yake kwance yana tsatsa.

Abin da nake hange ƙarami ne. Inji ɗaya da taragai huɗu ko biyar, ya tashi daga Tsafe bayan sallar asuba ya shigo Gusau kafin a buɗe ofisoshi, wani ya taso daga Ƙaura a daidai lokacin, da yamma su mayar da mutane gida kafin magariba. Kullum, a kan lokaci, har mai koko ta san da ƙarfe nawa za ta kafa tukunyarta a bakin tasha. Gyaran tasha kuwa ya wuce fenti da sabon allo. Ana bukatar rumfa mai inuwa, da ruwa, da makewayi mai tsabta da wurin alwala, da ɓangaren mata, da fitila mai aiki da hasken rana, da shinge a mararrabar da titi ya ratsa dogo. Sama da duka ana bukatar mutanen nan masu guduma da sifana su dawo, a ɗauke su daga ƙauyukan da layin ya ratsa, a riƙa biyan su a kan kari. Tsohon ginin kuma kada a rushe shi. A gyara rufinsa, a bar masa fasalinsa, domin a garuruwan nan gine-ginen da suka kusa shekara 100 a tsaye ba su da yawa.

Ba mafarki ba ne, an yi a wasu wurare. A Dakar ta ƙasar Senegal akwai tsohuwar tashar da Faransawa suka gina tun kafin 1920, wadda ta daɗe a yashe bayan jirgin Bamako ya durƙushe. An gyara ta ba tare da an ɓata kamanninta ba, kuma tun Disamban 2021 daga cikinta jirgin da ke jigilar ma'aikata zuwa Diamniadio yake tashi, tafiyar kilomita 36. A Legas, jirgin da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2024 tsakanin Agbado da Oyingbo a kan hanyar dogon tarayya yake gudu. Gusau ba Dakar ba ce, ba kuma Legas ba, aljihunta bai kai nasu ba. Amma abin da take bukata ma bai kai nasu ba, ga hanya a shimfiɗe, ga filin tasha a tsakiyar gari, ba sai an biya kowa diyya mai yawa ba. Kuma tun Maris na 2023, da aka yi wa tsarin mulki gyara, harkar jirgin ƙasa ta fita daga hannun tarayya ita kaɗai, jiha ma tana da ikon shiga. Uzurin da aka daɗe ana bayarwa, cewa abin na Abuja ne, ya ragu ƙwarai.

Na san abin da mai karatu ɗan Zamfara zai ce, domin abokina ya faɗa mini tun kafin in rufe baki: wa zai shiga jirgi ya ratsa dajin nan? Ba a manta da harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 ba, da rayukan da aka rasa, da waɗanda suka yi watanni a hannun 'yan bindiga. Tsoron gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce a sa jirgi a kan layin nan ba tare da an tsare shi ba, yana wasa da rayukan mutane. Abin da nake cewa kawai shi ne, mutanen nan suna ratsa dajin a yanzu ma, kullum, a ƙananan motoci ɗaruruwa da babu mai iya yi wa kowace rakiya. Tsaron tafiya huɗu a yini, a kan hanya ɗaya sananniya, da hasken rana, abu ne da za a iya tsarawa. Kuma layin da ake bi kullum, da masu duba shi a kowane ƙauye, ya fi wanda aka bar wa ciyawa wuyar zama maɓoya.

Rana ta uku na nufi Bunguɗu, wajen kilomita 20 yamma da Gusau a kan titin Sakkwato. Na je ne don in ga garin da dogo ya bari. Daga Gusau layin arewa ya karkata ya nufi Ƙaura, ya bar garin Sarkin Fulani da Maru da Talatar Mafara da duk garuruwan da ke bin gulbin Sakkwato. Ƙasa ce mai albarka, ga fadama, ga rake da albasa da dankali jibge a bakin titi, ga 'yan mata da faranti suna bin kowace mota da ta rage gudu. Kusancinta da Gusau ya sa ta zama kamar unguwar bayan gari, da yawa daga masu aiki a birni a nan suke kwana. Idan har wata rana aka ja dogo zuwa Sakkwato, kamar yadda aka sha alkawari, ta nan ya dace ya bi, kuma Bunguɗu ce za ta zama tasha ta farko.

A wata majalisa kusa da kasuwa na zauna da wasu dattawa, aka kawo rake aka sara mini. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ɗaya daga cikinsu, mai farin gemu da carbi a wuya, ya gyara zama. Ya ce shi bai taɓa shiga jirgi ba, amma ya yi masa bauta. Yana yaro, idan kaka ta yi, tun kafin asuba mahaifinsa ke tashinsa su ɗaura wa jakuna huhunan kaɗa, su bi ayari zuwa sikeli a Gusau.

“In munka kusa gari sai mu ji kukanshi. Jakkai su tsaya cik, su ƙi tahiya. Baba ya ce mani, ka ji shi nan, shi ka kai kaɗarmu Ingila. Ni kuwa in ce, to mu yaushe za ya kai mu?”

Sauran dattawan suka yi murmushi, shi bai yi ba. Ana cikin haka wata yarinya da farin hijabi da jakar littattafai ta zo ta durƙusa ta gaishe shi. Jikarsa ce, tana karatu a Gusau, kullum take zuwa ta dawo. Ya ce, “'Yar nan, har yanzu ba ki tahi ba?” Ta ce, “Kaka, kuɗin da Inna ta ba ni ba su kai ba, an ƙara.” Ya zura hannu a aljihun gaba ya fito da 'yan takardun kuɗi a nannaɗe, ya warware su ɗaya bayan ɗaya a kan gwiwarsa, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya miƙa mata duka. Ta karɓa da hannu biyu, ta tashi da sauri ta nufi bakin titi, inda mutum goma sha wani abu ke tsaye suna jiran mota mai sauran wuri.